Amincewar da Aka Samu da Yaudara

Ƙannena, ba kasafai za ku ga wanda aka yi safararsa ɗaure da sarƙa ba. Da ƙafafunsa yake tafiya, abin da ya ɗaure shi kuwa shi ne fasfonsa da ke hannun wani, da bashin kuɗin tafiya wanda kullum ƙaruwa yake yi komai yawan aikin da ya yi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas, kuma ba sai an tsallake iyakar ƙasa ake zama cikinsu ba.

Na taɓa sanin wata yarinya 'yar aikatau wadda ba ta san sunan unguwar da take zaune ba, ba ta da waya, kuma duk tambayar da aka yi mata sai uwar ɗakinta ta riga ta amsawa. Da na samu damar keɓewa da ita, ta ce mini da son ranta ta zo, sai na ɗauka magana ta ƙare. Ashe Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar mutane, ta shekarar 2000, ta riga ta warware wannan: amincewar da aka samu ta hanyar yaudara, barazana ko tilas ba ta wanke mai laifi, kuma idan yaro bai kai shekara 18 ba, ɗauko shi domin a ci da guminsa kaɗai ya isa a kira shi safara.

Abin da na yi daga baya ya fi muni. Ranar da na ga tabon duka a hannunta, zuciya ta ɗebe ni na tunkari uwar ɗakin a gabanta, washegari kuwa aka ɗauke ta daga gidan, ban sake jin ɗuriyarta ba.

Idan kun yi zargi, ku jira sai mutumin yana shi kaɗai, sannan ku tambaye shi cikin natsuwa wa ke riƙe da takardunsa, wa ke karɓar albashinsa, kuma ko zai iya barin aikin idan ya so. Ku rubuta wurin da lokacin da abin da idonku ya gani, ku kai wa 'yan sanda ko hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasar. Kada ku sa hotonsa a Facebook, domin masu riƙe da shi ma suna dubawa. Wanda aka ƙwace wa fasfo a wata ƙasa, ofishin jakadancin ƙasarsa na iya ba shi takardar tafiya ta gaggawa, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya (IOM) kuma tana taimakon irinsu wajen komawa gida.