B+ ɗin da ya sa ɗaliba kuka

Jiya na gama makin ɗin takardun 'yan aji ɗaya a nan Amurka, ina taimaka wa wani farfesa, sai ga wata yarinya ta shigo ofis ido jawur wai don na ba ta B+. B+ fa jama'a! Ni da na yi digiri a gida inda malami zai kalle ka ya ce A ta Allah ce, B tasa ce, kai ka lallaɓa da C ka gode. Wallahi ranar da na ga B a allon sanarwa har tsire na saya wa 'yan ɗakinmu.

Farfesan ya ja ni gefe ya ce in ɗan sassauta, ɗalibai ne ke cike fom ɗin auna malami ƙarshen zango, kuma iyaye sun zuba kuɗi ba na wasa ba. Ashe sassauta maki ya daɗe a nan, tun 2013 jami'ar Harvard ta ce makin da aka fi bayarwa a can A ne. Jami'ar Princeton ta taɓa ƙayyade yawan A da ake bayarwa a kashi 35 cikin ɗari a 2004, ta janye a 2014.

Na sake duba takardar har sau biyu, ni dai B+ nake gani. Gobe zan mayar wa farfesan ya sa hannu da kansa.