Jiragen da harshen wuta bai kai gare su ba

Gyaran ƙananan jiragen ruwa ne sana'ata, ni da 'yan yaran da ke aiki tare da ni. Idan gobara ta tashi a rumbun ajiyar jirage, wanda ya ƙone ƙurmus ba ya ba ni wahala, kowa ya ga ƙarshensa. Damuwata tana kan wanda ke can gefe, mai shi ya jawo shi yana murna yana cewa, "Maigida, wanki kawai yake so."

Yawancin jiragen nan da faiba ake ƙera su, wato zaren gilashi da aka jiƙa da danƙon rezin. Zafi kan lalata danƙon tun fenti bai nuna komai ba. Shi ya sa nake ɗaukar ƙaramar guduma in bi jikin jirgin taƙi bayan taƙi ina ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya ƙarar tana fita tsaf, inda ya rabu daga ciki kuwa sai ka ji ta dushe kamar ka bugi kwali. Nan nake zagayewa da alli. Idan muka kankare wurin, wani lokaci sai mu tarar da zaren fari fat, a bushe, yana tashi da yatsa. Dole a yanke har a kai ga inda yake da ƙwari, sannan a shimfiɗa sabo. Jirgin alminiyam ma bai tsira ba: sai zafi ya kai wajen digiri 660 a ma'aunin Salsiyas yake narkewa, amma ƙarfinsa ya ragu tun kafin nan.

Hayaƙi ya fi ɓarna a ɓoye. Robar PVC da ke jikin wayoyi idan ta ƙone tana fitar da iskar da ke zama asid da zarar ta gamu da danshi, ga kuma ruwan 'yan kwana-kwana ya jiƙa ko'ina. Bayan 'yan makonni sai ka ga bakin wayoyi ya yi kore. Ba na barin kowa ya tayar da inji sai mun duba tiyon mai da batir.

Kafin a sa wa jirgi ko ɗigon sabulu, ina sa mai shi ya ɗauki hotuna, ya kira kamfanin inshorarsa su turo mai tantancewa, ya kuma karanta takardar da ya sa wa hannu da masu rumbun, don da yawansu sun rubuta cewa asara ba ta wuyansu.

Akwai jiragen da nake ƙin karɓa, ko nawa za a biya. Idan zafi ya ci bangon baya inda inji ke rataye, kuma ɓarnar ta bi ta ƙasan jirgin, nakan zaunar da mai shi in nuna masa zanen allin, in ce masa mu cire inji da abin da zai moru, sauran a haƙura da shi.