Godiya bayan jinyar Master

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Ranar Asabar da ta wuce Master, malaminmu na kareti, ya taka da ƙafarsa, yana dogara sanda, daga zauren gidansa har filin firamare inda muke atisaye. Wata biyar ke nan da aka tsince shi a gefen titi a hanyar dawowa daga kasuwar Gujungu, babur can, shi can, ƙugu a karye. Iyalinsa suka ce ni zan rubuta godiya a madadinsu da madadin kulob, tunda ni ne babba a ɗaliban da suka rage a gari. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zance, don cikin waɗanda suka turo kuɗi akwai waɗanda hoto kawai suka gani a WhatsApp, ba su san wa suka taimaka ba.

Master ɗan manoma ne a nan ƙasar Ringim, kuma da kokawa ya tashi, irin ta dandali bayan an kai amfanin gona gida. Ci rani ya kai shi Kano, ya samu aiki a wata masaƙa a Bompai, a can ya haɗu da wani ɗan sanda mai koyar da kareti da yamma. Shekaru ya yi yana tashi daga aiki ya zarce atisaye har ya ɗaura baƙin bel, ɗamarar waɗanda suka ƙware, a salon kareti na Shotokan. Da aka rage ma'aikata ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya, a ciki har da farin kayan wasa. Shekarar 1991 ce, wadda aka yanke Jigawa daga Kano, shi ya sa yakan ce kulob ɗinmu da jihar nan tagwaye ne.

A masussukar bayan gari aka fara. Ba tabarma, ba rumfa, sai ƙaiƙayi a tafin ƙafa. Abin gwada naushi, wanda Japanawa ke kira makiwara, katako ne ya kafa a ƙasa ya naɗe kansa da igiyar rama. Kayan wasa telan bakin kasuwa ke ɗinkawa, bel kuwa a tukunya ake rina shi a gida. Duk wanda ya yi zamanin nan ya san abin da koren bel ke yi wa farin wando idan gumi ya sauko.

Gari bai so abin ba, kuma ba na ganin laifin iyayenmu. A gidan kallo kawai suka san kareti, inda mutum ɗaya ke zubar da ashirin ya tsallake katanga. Suka ce yaron nan ya je birni ya koyo daba zai raba wa 'ya'yansu. Maganar da ta fi zafi ita ce ta rusunawa, domin a kareti ana sunkuya wa malami da abokin karawa kafin a fara. Marigayi Liman ya sa aka kira shi ƙofar dagaci, ya ce ba a yi wa kowa ruku'u sai Allah. Mutane sun taru suna jiran musu. Master ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa, daga yau an daina." Tun ranar, mu hannu muke ɗorawa a ƙirji mu yi sallama, idan an fita gasa a ɗan kaɗa kai. Yau jikan Liman ɗin yana ɗaure da bel mai ruwan ƙasa, saura ƙiris ya kai baƙi.

Ni kawuna ne ya kai ni, riƙe da kunnena, bayan na fasa wa wani yaro kai a bakin rijiya. Murna nake a raina, na ce yanzu zan koyi duka na gaske. Wata uku ban naushi komai ba. Shara nake yi, in tsaya da gwiwa a lanƙwashe har cinya ta kama rawa, ana ƙirga ichi, ni, san, wato ɗaya, biyu, uku da Japananci. Da na fara Heian Shodan, kata ta farko, wato jerin motsin da ake haddacewa, mai motsi 21, Master ya tambaye ni da me ta fara. Na ce da juyawa hagu a tare. Ya ce to ka riƙe wannan, Gichin Funakoshi, malamin makarantar da ya kai wasan nan Tokyo daga tsibirin Okinawa a 1922, ya koyar da cewa ɗan kareti ba ya fara kai hari. Ban gane ba a lokacin, na ɗauka rowar ilimi yake yi mini.

Dokokinsa ba su canja ba. Wanda ya yi faɗa a gari ba ya dawowa fili sai da mahaifinsa. Da damina atisaye na komawa Juma'a kaɗai, don kada wani ya bar gonar ubansa ya ce yana kareti. Da azumi sai bayan asham. Sannan akwai lokutan zaɓe, da wasu ke zuwa da mota da ambulan suna neman samari masu ƙarfi su bi ayari. Bai taɓa ba da yaro ko ɗaya ba. Mun rasa alkawuran rumfa da tabarmi saboda haka, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka ji haushi, har da ni. Yanzu idan na duba inda wasu sa'o'inmu da suka bi ayarin suka ƙare, sai in yi shiru.

Korona ta rufe mu a 2020. Ambaliyar 2022 ta rusa ɗakin da muke ajiya, ta tafi da takardun shaidar Master da hotunan farko. Da ruwa ya janye ya tara mu a kan tudu, aka ci gaba.

To, ga waɗanda muke yi wa godiya. Direban da ya tsaya ya sauke fasinjojinsa ya ɗauki Master, ya ƙi karɓar ko sisi, har yau ba mu san sunansa ba, Allah Ya san shi. 'Yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya, ɗaya daga 'yan matan farko da suka shiga kulob da hijabinsu lokacin da ake yi musu dariya. Dangi sun riga sun aika a kira mai ɗori, ita ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce da dattijon cikinsu, "Baba, ka yi haƙuri, a ɗauki hoto tukuna." Hoton ne ya nuna karayar ba ta ɗori ba ce, aka wuce asibitin ƙashi na Dala aka sa ƙarfe. Likitoci da nas-nas da masu gashin ƙashi na can, Allah Ya saka da alheri. Samarin da suka cika mota suka je ba da jini, har aka ce ya isa wasu suka dawo da nasu.

Tsofaffin ɗalibai na nesa, mai kaki a bariki, mai tuƙin tirela, mai facin waya a Legas, masu koyarwa irina, kun tara kuɗin aiki cikin 'yan kwanaki. Wani da Master ya kora daga fili shekarun baya saboda faɗa, kuma mahaifinsa bai taɓa dawo da shi ba, shi ya turo kaso mafi tsoka, ya ce kada a faɗi sunansa. Ban faɗa ba.

'Yan dambe da 'yan kokawa, waɗanda kullum ke tsokanarmu wai masu faɗa da iska, sun zo da buhun gero. Su ne kuma suka haɗu da yaranmu aka yi gayya a gonar Master, aka yi maimai, da kaka ta yi aka yanke gero aka kaɗe riɗi. Da aka ba shi labari a gadon asibiti sai ya juya fuska bango.

Inna, matarsa, ban san da wane baki zan gode miki ba. Kin kwana a tabarma ƙarƙashin gadon nan tun daga ranar farko har sallama. Matan unguwa da suka riƙe gidan da girki da ɗiban ruwa, mai girma Dagaci, Allah Ya ja zamaninka, Liman da jama'ar masallaci da suka yi ta addu'a, hedimasta da ya bar mana fili, duk mun gode. Wanda na manta ya yafe mini, ba raini ba ne.

Ranar Asabar ɗin mun shirya jarrabawar canjin bel don ya gani, muka ajiye masa kujerar roba a inuwar darbejiya, mun ce ba sai ya yi magana ba. Na fito gaban yara in nuna wata kata mai suna Bassai Dai, ina ji da kaina, ga furfura a gemuna. Ban yi nisa ba na ji sanda ta bugi ƙasa. "Kai, dunduniyarka ta baya ta tashi. Sake." Yara suka ƙunshe dariya. Na sake har sau uku kafin ya kaɗa kai.

Lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe yana hannun ma'ajinmu, za a karanta shi bayan sallar Juma'a a zauren Master, duk mai so ya zo ya ji. Ragowar an ware ta don komawa ganin likita. Keken guragun da aka ara mana za mu mayar a satin nan. Atisaye ya dawo Talata da Alhamis da Asabar bayan la'asar, kuma Master ya ce tunda hunturu ya shigo, kowane yaro ya zo da rigar sanyi, wanda ya makara kuma ya zo da tsintsiya.

Wassalam.