Sarki a gaba, soja a baya

'Yan uwa masu koyon ces, makonnin nan na ajiye haddar buɗe wasa, na koma ƙarshensa. José Capablanca, mutumin Kuba da ya riƙe kambun duniya daga 1921 zuwa 1927, shi ya ce mai koyo ya fara da ƙarshen wasa. Don haka na share allo, na bar sarki biyu da soja ɗaya.

Ku jera wannan ku gani (sunan kowane gida a allo harafin layinsa na tsaye ne da lambar layinsa na kwance): farin sarki a d6, sojansa a e6, baƙin sarki a d8, fari ne da tafiya. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin tura soja e7. To tura. Baƙi ya koma e8, kai kuma dole ka matso da sarkinka e6 don kada a cinye maka soja. Shi ke nan, baƙi ba shi da gidan zuwa, kuma ba a kai masa hari ba. An tashi canjaras, alhali saura taki ɗaya soja ya zama sarauniya.

Yanzu sauya jerin: sarki a e6, soja a bayansa a e5, baƙi a e8. Ko wa ke da tafiya, fari ne da nasara. Sarki ya riga ya share hanya, soja yana biye. (Ban da sojan bakin allo, na layin a ko h. Wannan in sarkin abokin karawa ya shige lungu, sai haƙuri.)

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sarki yana iya takawa ya dawo, soja kuwa ba ya ja da baya har abada. Shawarwarin rayuwa ma kashi biyu suke. Tambayar farashi, zuwa ganin shago, koyon sana'a da yamma bayan an tashi aiki, duk takun sarki ne. Sayar da gona ko ajiye aiki takun soja ne. Da yawanmu da na biyun muke farawa, don shi ne yake kama da ci gaba.

Atisayen kyauta yake a Lichess, shafin buga ces na intanet, kuma kwamfuta ba ta yafe ko taki ɗaya. Mako mai zuwa zan shiga lissafin tseren soja da sarki. Wanda ya riga ni gane shi, don Allah ya jera mana misali.