Asabar ɗin da na wanke bawul ɗin mai na Corolla

Tun bayan sallar Asuba na ƙudurta cewa yau ba zan fita ko'ina ba sai na duba abin da ke damun motata. Corolla ce ƙirar 2005, mai injin 1ZZ-FE lita 1.8, irin waɗanda suka cika titunan Kano. Kwanan nan ta ɗauki wani hali: idan na tsaya a danja sai silonta ya riƙa rawa kamar za ta mutu, wani lokacin ma ta mutu ɗin, ga shan fetur ya ƙaru, ga fitilar gargaɗin inji ta kama ta ƙi ɗaukewa. Jiya da daddare na jona mata ƙaramar na'urar binciken nan da ake haɗawa da wayar hannu, sai ta nuna lambar P0011, wadda ke nufin cewa kamshaf ɗin shigar iska, wato ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul-bawul na shigar iska, ya yi gaba fiye da inda ƙwaƙwalwar motar ta umarce shi. A tsofaffin Toyota irin wannan matsalar takan fito da lambar P1349.

Na jira har hantsi, na tabbata injin a sanyaye yake, sannan na shimfiɗa buhu a inuwar darbejiya na jera sifanoni. Abin da na fara dubawa shi ne gejin baƙin mai, domin tsarin VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul-bawul, gaba ɗayansa da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Man ya sauka ƙasa da rabi, kuma ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri. Waɗannan injunan, musamman na shekarun farko, an san su da shan mai idan sun kwana biyu, don haka ban yi mamakin raguwar ba. Kaurin ne ya fi tsaya mini a rai.

Yadda tsarin yake aiki bai kai wahalar da ake zato ba. A tsohon inji, lokacin buɗewa da rufewar bawul-bawul a ƙayyade yake, ko motar tana silo ko tana sheƙa gudu a hanyar Zariya, alhali kuwa buƙatar injin a waɗannan yanayi biyu ba ɗaya ba ce. Lokacin silo ana so bawul ɗin shigar iska ya jinkirta buɗewa har sai na fitar hayaƙi ya kusa rufewa, domin kada hayaƙi ya komo ya gurɓata iskar da za ta ƙone. Idan kuwa aka taka totur a matsakaicin gudu, gara ya buɗe da wuri ya kuma rufe da wuri, injin ya sami ƙarfin ja. Toyota ta fito da VVT-i a 1995 don magance wannan: a kan kamshaf ɗin shigar iska akwai giya mai ɗakuna a cikinta, wadda sarƙar taimin ke juyawa, kuma idan baƙin mai ya cika ɗakunan ɓangare ɗaya sai kamshaf ya ɗan gusa gaba, idan ya cika na ɗaya ɓangaren sai ya koma baya. Wanda ke raba man tsakanin ɗakunan shi ne wani ɗan bawul mai aiki da lantarki, wanda tsawonsa bai wuce na yatsa da kaɗan ba. Idan ya maƙale a wajen tura kamshaf gaba, to mota ba za ta iya riƙe silo ba, kuma abin da nake zargi ke nan.

Na fara da cire kan batir, saboda wurin aikin yana dab da altaneta, kuma sifana ɗaya da ta zame tana iya jawo tartsatsi. Bawul ɗin yana jikin kan injin, ɓangaren sarƙa, kuma noti ɗaya tak mai lamba 10 ne ke riƙe da shi. Na zare soket ɗinsa, na kwance notin, amma ya ƙi fitowa, domin zoben robar da ke jikinsa ya bushe ya manne. A nan ne ake buƙatar haƙuri, saboda mutane da dama sukan sa filaya su finciko shi, sai kan ya ɓalle a hannunsu gangar jikin ta saura a cikin inji. Na riƙa murɗa shi dama da hagu a hankali har ya saki.

Da na ɗaga shi a rana sai na ga ramukansa sun yi dabe da wani baƙin datti mai danƙo kamar kwalta. Na ɗauko mitar awon lantarki na gwada ƙafafunsa biyu, ta nuna ohm 7.4, wanda yake cikin ƙa'idar da Toyota ta gindaya ta 6.9 zuwa 7.9, wato wayar da ke cikinsa lafiyarta ƙalau. Daga nan na jona shi da batir na ɗan lokaci. Ya kamata sandar da ke ciki ta harba nan take da ƙarar "ƙas", ta kuma komo da zarar an sake ta, amma tawa sai ta tafi a kasalance, ta tsaya a rabin hanya wajen dawowa.

Ina cikin feshe shi da maganin wankin kafireto sai maƙwabcina, dattijon da ya daɗe yana tuƙin babbar mota, ya leƙo ya yi sallama. Ya shafa man da yatsa ya ce, "Malam, ai wannan man bai ma yi kauri ba. A zafin garin nan, in ba 20W-50 ka zuba ba, injin ruwa yake sha." Na ce, "Baba, a motocin zamaninku gaskiyarka ce, amma wannan 5W-30 aka rubuta a murfinta, kuma hanyoyin man nan ƙanana ne ƙwarai." Ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa ganin inda kauri ya kashe inji ba. Ban ja da shi ba, sai na ce ya dakata ya ga abin da zan ciro.

Ƙasa kaɗan da mazaunin bawul ɗin akwai wani noti mai lamba 14, kuma a bayansa ne ake samun 'yar rariyar da ke tace man kafin ya isa bawul. Yawancin masu mota ba su san da ita ba, kuma ba a taɓa ta a lokacin juye. Na zaro ta da ɗan tsinke, sai ga ta kusan a toshe, har haske ba ya ratsa ragarta sai ta gefe guda. Na jiƙa ta a fetur, na goge da tsohon buroshin haƙori a hankali don kada ragar ta yage, nan da nan fetur ɗin ya koma baƙi. Baba ya karɓe ta ya jujjuya, ya ce, "Ikon Allah, wannan ɗan abin ne zai hana mota tafiya?" A ganina, injuna da yawa da ake saukewa a ce sun gaji, ko a sayo musu giyar Beljiyam da tsada, da an fara duba wannan rariyar da ba a kai ga haka ba.

Bayan wanki na sake gwada bawul ɗin da batir, wannan karon sandar ta riƙa harbawa tana komowa da sauri. Na sa sabon zoben roba da na sayo a Ƙofar Ruwa, na shafa masa ɗan mai don kada ya tsage wajen shiga, na mayar da rariyar yadda na same ta, na ɗaure komai ba tare da wuce kima ba, tun da kan injin na alminiyom ne kuma zarensa ba ya jure ƙarfi. Daga nan na yi juye, na canza filta, na zuba kimanin lita 4 na 5W-30 ina duba geji.

Bayan Azahar na tayar da ita, na bar ta ta yi zafi, silo ya zauna daram. Sai na yi gwajin ƙarshe: na zare soket ɗin bawul, na ba shi wuta kai tsaye daga batir alhali injin yana silo, nan take ya yi tari ya mutu. Haka ake so, domin hakan yana nuna cewa mai yana isa giyar kuma tana amsawa. Na mayar da soket, na goge lambar, na fita da ita ta titin Zariya har gaban Na'ibawa na juyo. Ta ja yadda ya kamata kuma fitilar ba ta dawo ba.

Gobe da sanyin safiya zan saurari tashin farko, domin idan ta yi ƙarar kwaram-kwaram na 'yan daƙiƙoƙi, to ɗan fil ɗin da ke kulle giyar ne ya lalace, kuma wannan aikin sai an buɗe murfin kan inji an saki sarƙa, abin da zan bar wa bakanike. Na rubuta kilomitar yau a takarda na liƙa a cikin ƙofar direba, juye na gaba kuma bayan kilomita 5,000 ne, in Allah ya yarda.