Na yi ta zuba taki ashe darɓa ce ta riga ta yi min ɓarna

Shekarar da abin ya same ni alkamata ta tsiro gwanin sha'awa, har nakan tsaya a bakin gona in yi ta kallonta. Wajen sati 6 da shuka sai na fara ganin wasu wurare sun yi rawaya, ba duka gonar ba, tsibi-tsibi ne kamar an kifa faifai nan da can, kuma shukar wurin ta tsugune ta ƙi tashi. Nan take na ce yunwar taki ce. Na ɗebo yuriya na watsa, na jira sati guda, shiru, na ƙara watsawa, gefe ya yi kore shar amma inda ke rawaya ko gezau.

Sai da malamin gona ya zo. Bai ma kalli ƙasa ba, durƙusawa ya yi ya juya ganye ya ce malam zo ka gani. Wallahi ƴan ƙwari ne mitsi-mitsi sun yi cincirindo a bayan ganyen, wasu kore wasu duhu-duhu, na taɓa yatsana ya yi danƙo, ga tururuwa na ta hawa da sauka. Darɓa dai da kowa ya sani. Na ce to wannan ƴar abar ce za ta hana alkama girma? Ya ce tsotsonta kaɗan ne daga cikin matsalar, cutar da take ɗurawa ita ce babba, bairos ne da ake kira BYDV, tun 1951 aka gano shi a Kalifoniya ta Amurka a jikin sha'ir, kuma yana kama alkama da masara da ciyayi da yawa.

Yadda ya nuna min bambancin shi ne ya tsaya min a rai. Rawayar yunwar taki takan mamaye fili ne, tsofaffin ganyen ƙasa su fara koɗewa. Ita wannan daga tsinin ganye take farawa ta gangaro ta gefe-gefe, wani har ya yi ja-ja, ganyen ya miƙe ƙiƙam. Zagayen nan kuwa, darɓa mai fiffike ce ta taso daga ciyawa ko gyauro mai cutar ta sauka kan shuka ɗaya, ta haihu a wurin, ƴaƴan su tsotsa su ɗauka sai su rarrafa zuwa na kusa. Idan ƙwaro ya ɗauka kusan har ya mutu yana rabawa. Kuma alamar ba ta fitowa sai bayan sati 2 zuwa 3, wato lokacin da nake ta fama da buhun taki aikin gama ya riga ya gama.

Na ce to in yi feshi? Ya ce feshi zai kashe ƙwaron ya rage yaɗuwa, amma wadda ta kamu babu maganin da zai dawo da ita. Haka kuwa aka yi, zangarniyar wuraren ta fito ƴar firit, tsabar duk a motse. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali, cutar ba ta bin iri.

Da shekara ta zagayo kafin shuka sai da na share gyauro da ciyawar gefen gona tas, na kafa tarkon roba mai launin rawaya da gam a jiki, masu fiffike suna son launin sosai. Tun shuka na da ganye 2 nake zagayawa ina juya ganye, gwiwoyina sun sha wuya kam, don kamuwar ƙuruciya ita ce ta fi yin illa. Feshi sau ɗaya na yi da na ga sun fara taruwa, ban ƙara ba saboda na ga jajayen ƙwarin nan masu ɗigo-ɗigo baƙi suna ta cinye su. Duk da haka sai da rawayar ta fito a wuri 2 ta gefen da iska ke kaɗowa, amma wannan karon buhun yuriya na nan inda na ajiye shi.