Mai jin tsoron rera waƙa, a fara sa shi cikin 'yan amshi

Kuskuren da ya fi yawa wajen koyar da sabon mai rera waƙa shi ne a miƙa masa makirufo tun ranar farko, a ce “to bismillah, mu ji muryarka.” Ko yarinya ce 'yar shekara 9 da za ta yi waƙe a walimar Islamiyya, ko saurayi mai son yin bege a Mauludi, ko dattijuwar da ta shiga zumuntar mata a coci, abin da zai faru ɗaya ne: gaba ya faɗi, miyau ya ƙafe, kafaɗu su ɗage, numfashi ya tsaya a ƙirji, murya ta fito siririya tana rawa. Daga nan sai mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa Allah bai ba shi murya ba. Alhali tsoro ne ya shaƙe shi. Waɗanda kunnensu ba ya bambance hawa da saukar sauti kaɗan ne ƙwarai, kuma mai jin Hausa, wanda ke raba “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala ta hanyar karin sauti, ya riga ya mallaki kunnen da ake nema.

Maganin yana cikin tsarin waƙarmu tun asali, wato jagora da 'yan amshi. A sa sabon shiga a tsakiyar mutum huɗu ko biyar, mai murya tsayayya a gefensa, a ba shi amshi mai ɗango ɗaya ko biyu. A nan yana jin muryarsa ba tare da an zuba masa ido ba. Bayan zama uku ko huɗu a rage su zuwa uku, sannan biyu. Daga baya sai abokin nasa ya riƙa yin shiru a ɗangon ƙarshe, ya bar shi ya ƙarasa shi kaɗai. Amma a sanar da shi tukuna cewa haka za a yi. Idan aka yi masa ba-zata, amanar da ke tsakaninsa da malami ta karye, kuma gyara ta ya fi koyar da waƙar wuya.

Kafin a kai ga amshin, a ba jiki minti 10. A tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗu, gwiwa a sake, haɓa a daidai, kada a ɗaga ta sama. A ɗora hannu ɗaya a ciki, ɗaya a gefen haƙarƙari. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a lura hannuwan su motsa waje, kafaɗu kuwa su zauna inda suke. A fitar da ita da sautin “sss” ana ƙirga takwas. In an saba a kai 12, har 16. Wannan fitar da iska a hankali ita ce ke kwantar da bugun zuciya, shi ya sa take da amfani ko a bayan fage, ana saura minti biyu a kira mutum. Sai a rufe baki a yi “mmm” a sautin da ake magana da shi, har a ji leɓe da hanci suna ɗan kaɗawa. Daga nan a buɗe zuwa “maa, mee, muu”. Wanda maƙogwaronsa ke ɗaurewa ya samu bututun shan lemo, ya tsoma bakin bututun cikin ruwan rabin kofi, ya riƙa hurawa yana fitar da sauti, yana hawa yana sauka na minti biyu. Iskar da ke turowa baya tana sauƙaƙa wa tantanin nan biyu na maƙogwaro, waɗanda kaɗawarsu ke haifar da murya.

Inda malamai da yawa ke cutar da ɗalibi ba da saninsu ba shi ne wurin ɗaukar waƙa. Malami namiji ya ɗauko ta daidai muryarsa, yara su kasa sauka inda yake. Ko a kunna waƙar sutudiyo wadda aka tsara wa siririyar murya, a ce magidanci ya bi. Zai miƙe wuya, jijiyoyi su fito, ya yi ihu, a ce ya kauce wa kari. Hanyar da ta fi ita ce a juya abin: ɗalibi ya fara fitar da sautin da ya fi masa daɗi, malami ya bi shi ya daidaita muryarsa da tasa. Idan muryoyin biyu suka haɗu, ɗalibin zai ji sun narke sun zama ɗaya, kuma wannan jin shi ne ake so ya gane. Sai a matsa sama kaɗan, a dawo, a matsa ƙasa kaɗan. Waƙar farko ta zama mai gajerun ɗangogi, wadda ba ta hawa da nisa. A karanta baitin da baki tukuna, ana tafi a kan kowace gaɓa mai nauyi, wato mai dogon wasali ko mai ƙarewa da baƙi, a sa alama da biro a inda za a shaƙi iska.

Shekaru suna da nasu hukunci. Yaro ƙarami ba ya jure zama fiye da minti 15 zuwa 20, kuma kwaikwayo ya fi masa bayani. Namiji mai shekara 12 zuwa 15 muryarsa na fashewa saboda maƙogwaronsa na girma. A saukar masa da waƙar, a hana 'yan aji dariya, domin dariya ɗaya a wannan lokaci takan rufe bakin yaro shekaru. Dattijai kuma numfashinsu ya ragu, sai a ƙara musu wuraren hutu a cikin baiti, a bar su su rera a zaune in tsayuwa na wahalar da su, muddin bayansu a miƙe yake.

Gyara kuwa ɗaya tak a kowane zama, kuma a faɗe shi a fili: “buɗe baki yatsa biyu a kan wasalin nan” ya fi “ka ƙara ƙoƙari” amfani nesa ba kusa ba. A ɗauki muryar a waya a makon farko, a ajiye, kada a saurara sai bayan mako huɗu, a haɗa da sabuwa. A gaya wa ɗalibi tun da wuri cewa kowa na jin muryarsa ta waya baƙuwa, domin a kullum yana jin ta ne ta cikin ƙasusuwan kansa, inda take ƙara kauri.

Da hunturu ƙura da bushewar iska na dusar da murya. Zuma da citta suna sanyaya maƙoshi, amma abin da aka haɗiye ba ya bi ta kan tantanin murya. Ruwan da aka sha tun sa'o'i kafin waƙa shi ne ke aiki, tare da shaƙar tururin ruwan zafi na minti biyar. A rage yawan gyaran murya da kaki, kada kuma a koma raɗa idan murya ta dushe, don raɗa ma tana gajiyar da ita. Dushewar da ta wuce mako uku, ko zafi a duk lokacin rerawa, a dakatar da atisaye a je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.